Tantabarun Bashmuhandis Wagdi

Lahadi, 12 ga Oktoba, da hantsi

Cip ɗin ya dawo daga masana'antar Taiwan, kuma ba ya aiki.

Shekara ɗaya da rabi muna zana abin da bai kai farcen babban yatsana ba, wanda Turawan da suka ba mu kwangila za su sa a injinansu na ƙirƙirarriyar basira. Yau Girgis, mai gwajinmu, ya ɗora shi a tebur. In an rage masa gudu lafiya lau. Da an sake shi sai ya fara ba da amsar banza.

Girgis ya ce, "Wallahi halin surukata sak. In ana bin ta a hankali, mutuniyar kirki ce."

Ba wanda ya yi dariya sai Bashmuhandis Wagdi, wato babban injiniyanmu. Shi ai dole ya yi, tunda matsalar daga ɓangaren tsakiya take fitowa, kuma ɓangaren tsakiya ne kaɗai ba hannun mutum ya shimfiɗa wayoyinsa ba. Manhajata ce ta yi. Shekara biyu ina gina ta, ina ɗura mata tsofaffin zane-zanen kamfanin nan har ta koyi shimfiɗa wayoyi da kanta. Abin da Wagdi da mutanensa suke wata uku a kai, ita kwana biyu ya ishe ta.

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. "Shahinda, 'yata, ɗiyar nan taki anya kin bari ta isa yaye kuwa?"

Na ce, "A jira sakamako tukuna, Bashmuhandis."

Na yi masa murmushi. Na tsani muryarsa.

Litinin, bayan azahar

Ba a gano komai ba. Kowa yana gaishe ni da taushin murya kamar an yi mini rasuwa.

Talata, 14 ga Oktoba, da yamma

Dakta Medhat, mai kamfanin, ya kira ni ofishinsa. Bai ce in zauna ba. Ya ce Turawa za su zo ƙarshen wata, kuma ba dogon bayani suke so ba, suna so su ji wa ya yi. In manhajar ce, an rufe zancenta, an rufe sashen da ya yi alkawarin ba ni, ni kuma in san inda na nufa. Yana faɗa yana ɓare gyaɗa.

A jirgin ƙasa daga Ma'adi, unguwar da ofishinmu yake, har gida ina tsaye, ina tunanin Wagdi. Shekarata ta farko a kamfanin nan, ina yarinya sabuwar fitowa daga jami'a, ya haska zanena a bango gaban kowa, ya ce, "Jama'a, wa ya yi odar koshari? Ga taliya ta iso." Ya sa na sake shi har sai da na daina jin yatsuna. Mutane suna cewa ai shi ya mayar da ni abin da na zama. To, na gode. Shekara goma sha huɗu ina gode masa, na gaji.

Ya kai shekara sittin da ɗaya. Har yau da linzamin kwamfuta yake jan waya ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje, kamar tela. Duniya tana neman cip sabo duk wata shida, shi yana can yana gyara kwana.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau an ga abin.

Girgis ya kankare saman cip ɗin ya sa shi a ƙarƙashin babban madubin ƙara girma, hoton yana fitowa a allo. Muna tsaye mu biyar. Ya yi ta gangarawa ta cikin ɓangaren tsakiya, sai ya tsaya cak. Ya ce, "Kai! Ku zo ku ga baƙi."

Tantabara ce. 'Yar mitsitsiya, da zaren ƙarfe, fukafukai a buɗe, ta lafe a jikin wayar da ke kai saƙo mafi sauri. Ya matsa gaba, ga wata. Ya ƙara matsawa, ga wasu uku a jere. Duk inda aka sami ɗan fili tsakanin wayoyi, akwai tantabara a ciki. Ba su taɓa komai ba, shi ya sa binciken da ake yi kafin a tura zane bai kama su ba, amma ƙarfe ne, kuma ƙarfe kusa da irin wannan wayar yana jan ƙafar saƙo.

Ba wanda ya tambayi ta wane ne. Al'adar sana'armu ce, in an gama zane za a tura masana'anta, babban mai zane yakan sa 'yar alamarsa a kusurwar da babu komai, inda ba mai gani sai da madubi. Wani ya sa harafin sunansa, wani tutar kulob ɗinsa. Wagdi tantabara yake sawa, tun kafin a san za a haife ni a sana'ar, saboda waɗanda yake kiwo a saman gidansu a unguwar Shubra. A wannan karon Turawa sun ce ba sa son kowace alama. Ranar da aka gaya masa, a gaban kowa ya ce, "Su hana. Tantabarata ba ta rasa wurin sauka." Kuma shi ya yi wa cip ɗin duban ƙarshe kafin a tura.

Duk muka juya muka dube shi. Bakinsa a buɗe, kofin shayi a hannu.

Ya ce, "Wannan tawa ce. Amma ba ni na sa ta nan ba."

Girgis ya ce, "To, ƙila da kanta ta taso daga Shubra, Bashmuhandis. Ka san su da gane hanya."

Wannan karon kowa ya yi dariya. Har da ni.

Juma'a, da rana

Mama ta yi miyar mulukiya, ta ce rabon da ta ga na ci abinci haka tun Ramadan. Ta tambaye ni ko an sami sauƙi a wurin aiki. Na ce ana samu.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da sassafe

Na riga kowa zuwa ofis. Na buɗe manhajar, na ba ta wani ɗan fili wanda ba komai a cikinsa, na ce ta cike shi. Na tafi na haɗa shayi na dawo.

Tana nan a allona. Fukafukai a buɗe.

Na sake ba ta wani filin. Ta sake zana ta.

Abin ba wuyar ganewa. Zane-zanen Wagdi na shekara ashirin da wani abu na ɗura mata, kuma kowanne da tantabara a kusurwar da babu komai. Ita kuwa abin da ta koya ke nan: wurin da babu komai, tantabara ake sa masa. Wata takwas da suka wuce, a taro, na ce an yanke kusurwoyin kafin a ba ta. Na yi niyyar yankewa. Makon ne aka matso da ranar miƙa aiki, kuma duk wanda ke kujerata a makon nan haka zai yi.

Na goge gwajin. Na sha shayina da zafinsa har ya ƙona mini harshe.

Ba wanda ya tambaye ni komai.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan azahar

Taro a ofishin Dakta Medhat. Ni, Girgis, Wagdi.

Wagdi ya zo da kwat, abin da ba ya yi sai ranar biki. Ya fara a hankali, sai murya ta ɗaga. "Medhat, tare muka fara kamfanin nan a ɗaki biyu. Ni zan lalata cip? Ni? A yanke hannuna in na taɓa ɓangaren nan!"

Dakta ya ce, "Ba wanda ya ce ka yi don ɓarna, Bashmuhandis. Ƙila raha ka so yi, ka nuna wa yara har yanzu kana nan."

"Raha? Guda nawa ne a ciki? Ɗari? Ina da lokacin zama in zana ɗari?"

Girgis ya ce, "Ai kwafa ake yi a manna, Bashmuhandis. Ko ita ma ba a koya muku ba a zamaninku?"

Sai Wagdi ya juyo gare ni. Na ɗauka tambayar za ta zo. Amma cewa ya yi, "Shahinda, ke kin san ni. Gaya musu."

Na ce, "Na san ka, Bashmuhandis. Na san ba ka taɓa son manhajar nan ba, kuma na san ka ji zafin hana ka alamarka. Iyakar abin da na sani ke nan."

Kowace kalma a ciki gaskiya ce. Na sake bin su ɗaya bayan ɗaya a jirgi, ban sami ta ƙarya ba.

Ya yi tsuru yana kallona. Kunnuwansa sun yi ja. Ban taɓa lura da yadda wuyansa ya rame a cikin kwalar riga ba, abin har da ban ƙyama.

Laraba, lokacin abincin rana

Girgis ya yi wa ofis duka odar tantabaru cusassu da shinkafa daga gidan abincin da ke bakin titi. Ya ɗauki ɗaya a faranti ya kai har teburin Wagdi, ya rusuna.

"Bashmuhandis, wannan a cikin cip muka kamo ta. Ka duba ko ka santa."

Ofis ya kwashe da dariya. Wagdi bai ɗago ba. Ya ci gaba da jan wayarsa, farantin yana gefensa har ya huce, mai ya daskare a kai.

Na ci biyu. Sun yi daɗi, gaskiya, sai dai gishiri ya ɗan yi yawa.

Alhamis

Ya daina ce mini 'yata. Hutu ne.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da hantsi

Dakta ya yanke hukunci. Za a gaya wa Turawa wani tsohon ma'aikaci ne ya yi ganganci, kuma ya ajiye aiki. Za a gyara zanen a sake turawa, da manhajata. Wagdi zai tafi ƙarshen mako, da sunan ritaya, har da kek.

Saura matsala ɗaya, wadda ni kaɗai na san da ita. Muddin tantabarun suna cikin tsofaffin zane-zanen, manhajar za ta ci gaba da haifo su. In kuma na zauna ina goge su da kaina, wani zai tambayi dalili.

Sai na ce wa Dakta, tunda Turawa za su so ganin mun ɗauki mataki, me zai hana a share alamar daga duk ajiyar kamfanin, kuma wanda ya sa ta shi ya cire ta? Ya ce, "Shi ya sa nake son ki, Bashmuhandisa. Kanki yana ja."

Ni na kai wa Wagdi saƙon. Ya ce, "Har da na da? Me suka yi?"

Na ce, "Umarni ne daga sama."

Ya buɗe na farko. Cip ɗin wata rediyo ne, tun ina firamare. Ya daɗe yana kallon kusurwar kafin ya danna.

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma

Kwana uku ke nan yana gogewa. Daga teburina ina jin ƙarar dannawar. Ba ya zuwa shan shayi, ba ya tanka wa kowa.

Yau ya tashi yana laluben tebur, yana ɗaga takardu, yana neman tabarau. Suna kan goshinsa. Kowa yana yin haka, ni ma na yi jiya da makullin gida. Amma na ga lokacin da ya taɓa goshin ya same su, na ga yadda fuskarsa ta canza. Tsoro ne, tsoro na gaske.

Girgis ya raɗa mini cewa yayan Wagdi haka ya fara. Ciwon mantuwa. Ya kai har bai gane 'ya'yansa ba, a ƙarshe sai da aka riƙa kulle shi a ɗaki don kada ya fita ya ɓace. Wagdi ne ya yi jinyarsa har ya rasu.

Da zan wuce na tsaya a teburinsa na ce, "Bashmuhandis, fayil ɗin da na ce ka turo mini da safe fa?"

Ya ce, "Kin ce in turo?"

Na ce, "Ba komai. Kar ka damu kanka."

Na yi niyyar ce masa da safen. Ina jin ma na faɗa. Ba na iya tunawa.

Laraba

Ba na barci sosai, amma zafi ne. Oktoba ta ƙi sanyi bana.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

An yanka kek. Dakta ya yi jawabi a kan gobe, ya ce nan da shekara biyar ba hannun ɗan Adam da zai sake jan waya a cikin cip, inji ne zai riƙa zana ƙwaƙwalwar inji, kuma kamfaninmu ne zai shige gaba a yankin nan. Ya nuna ni, aka tafa. Sannan ya tuna taron na Wagdi ne, ya miƙa masa agogon bango.

Da aka watse na fita baranda. Sai ga shi ya biyo ni, da agogon a hammata. A ƙasa motoci sun cushe, ana ta hon.

Ya ce, "Na gama. Ba ko ɗaya da ta rage."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari."

Ya ce, "Ina gogewa ina tunani. Ɗiyar nan taki daga zanena ta koyi aiki. Abu ɗaya nake so in tambaye ki, 'yata, kuma duk abin da kika ce na yarda. Kin ce kin yanke kusurwoyin kafin ki ba ta. Kin yanke?"

Ba fushi a muryarsa. Roƙo ne. Na gane abin da yake roƙo, ba aikinsa ba ne, wannan ya riga ya tafi. So yake in ce masa kansa lafiya lau.

Na ce, "Na yanke, Bashmuhandis."

"Duka?"

"Duka. Da hannuna."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Haka ne. Ni na koya miki aiki. Ba kya barin abu rabi." Ya gyara agogon a hammata. "To ni ne ke nan. Na zauna na zana su, na tashi, ban san na yi ba."

Na ce, "Gajiya ce. Kwanakin nan kana ɗan mantuwa, kowa ya lura. Ka je ka huta."

"Kowa ya lura?"

"Ba wanda ya so ya gaya maka."

Ya kama ƙarfen barandar da hannu ɗaya. Na koma ciki saboda hayaƙin motoci yana tayar mini da tari.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da rana

Turawa sun zo sun tafi. Sun gamsu. Ɗayansu ya ce labarin tantabarar zai ba matarsa dariya.

Na sake koyar da manhajar da zanen da aka share. Na ba ta fili, ta cike shi tsaf, ba tsuntsu ko ɗaya. An ba ni ofishin da ke kallon Nilu. Teburin Wagdi an ɗora masa injin buga takardu.

Litinin

Ba abin rubutawa.

Talata

Ba abin rubutawa. Mama ta ce ina magana cikin barci. Na ce ta daina tsayawa a ƙofar ɗakina.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Madam Afaf, matar Wagdi, ta kira ni a waya ina tsakiyar aiki. Na so in ƙi ɗauka.

Ta ce ta kira ne ta yi godiya. Wai ya gaya mata duk ofishin nan ni kaɗai ce na dubi idonsa na faɗa masa gaskiya, sauran suna ta ɓoye masa. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ya ce tarbiyyarsa ba ta faɗi ƙasa ba."

Na ce ai ba komai, Hajiya. Na tambayi jikinsa.

Ta ce sun je wurin likita, an yi hoton kai, an yi masa tambayoyi, ya amsa duka. Likita ya ce lafiyarsa ƙalau, ƙwaƙwalwarsa ta fi ta wasu samari. Shi kuma ya ce likitan yaro ne, bai ga abin da ke cikin cip ɗin ba. Ya miƙa mata makullin mota. Ya ce ta daina barinsa ya fita shi kaɗai. Ya nuna mata ɗakin da yake so a riƙa kulle shi in lokacin ya zo, ya ce kada ta ji tausayinsa, shi ma tausayin yayansa ya yi ta ji har sai da yayan ya ɓace sau biyu.

Sai muryarta ta karye. Ta ce jiya ya kira wani maƙwabci ya ba shi tantabarun duka, har da kejin. Ya ce gara su tafi tun yana gane su, kada wata rana ya manta da su a sama su mutu da ƙishirwa. Wai da safen nan rabinsu sun dawo sun sauka a kan rufin, shi kuma ya ƙi hawa. Yana zaune a falo yana jin kukansu, yana tambayarta ko ya riga ya ba da su ne ko mafarki ya yi.

Ta ce, "Ke da kika san shi a wurin aiki, 'yata, tun yaushe abin ya fara? Don in san abin da zan gaya wa yara."

Girgis yana bakin ƙofa yana nuna mini agogo, taron sabon cip ya kusa.

Na ce, "Ya ɗan jima, Hajiya. Kusan wata takwas."